Gashina a Tsagar Bango

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗaga hannu sama a gidan biki a Guci ba, ni da ko a aji ba na rubutu a saman allo.

Tun ina budurwa nake fama da wasu maruru a hammata. Wannan ya fashe, wancan ya taso, su bar tabo da rami, ga ruwa mai wari. Na sha maganin asibiti, na sha sassaƙe, na sha rubutu. Ba wanda ya sani sai mahaifiyata a Magarya. Da aka turo ni koyarwa Guci, tsorona ɗaya ne: kar iyayen yara su ji, a ce madam ɗin lakwal, wato malamar makaranta, wari take yi. Turaren da nake fesawa kuwa, ka ce shago gare ni.

Gidan wata tsohuwa na sauka, Inna Delu. Mace ce mai shiru, tafiyarta ba sauti. Sai dai ki waiga ki gan ta tsaye da tsintsiya tana kallonki.

Da hutu ya zo, kawuna na Kano ya kai ni wurin wata likitar fata. Ta ce wannan ba marurun kowa da kowa ba ne, ciwo ne mai naci da ke tasowa daga saiwar gashi. Za a gwada leza, wato wani haske mai ƙone saiwar. Ba ya raba mutum da ciwon baki ɗaya, amma yana sassautawa, kuma sai an yi ta komawa. Aka sa mini baƙin tabarau, aka kwantar da ni a ɗaki mai sanyin tsiya. Tas! Tas! kamar ana harbina da roba, ga ƙaurin gashi ya cika hanci. Tana aiki tana bayani, ni kuwa ina ta salati (wallahi ko kalma ɗaya ban riƙe ba).

Bayan na koma Guci da ƴan kwanaki, abu ya fara. Gashin wurin ya riƙa fita da kansa. Ban aske ba, ban tsige ba, amma kowace safiya sai in ga baƙaƙen guntaye a rigata. In na shafa su biyo yatsa, ba zafi ba jini. Ana haka wani sabon maruru ya kunno kai. Zuciyata ta ce, anya ba wani ke ɗiba ba?

Ranar wata Asabar da tsakar rana kowa ya tafi bikin maƙwabta. Gidan tsit, ko akuya ba ta motsi. Na zaga bayan ɗakina kwaso shanya, sai na ga bakin tsumma ya leƙo daga tsagar bango. Na ja. Gashi ne a ƙulle. Nawa ne, don ga koren zaren da aka yi mini kitso da shi. Na sake zura hannu, wani ƙullin. Wani kuma. Tun daga daidai kafaɗata har ƙasa, tsagar cike take da ni. Na ji kamar mutum na tsaye a bayana, na waiga, ba kowa sai tsintsiya jingine.

Ni mai koya wa yara wanke hannu da sabulu saboda ƙwayoyin cuta, nan take na tabbata sammu ne. Na kwashi ƙullayen a haɓar zane, na nufi gidan bikin, takalmi wari da wari.

Mata cike da tsakar gida, ana kiɗan ƙwarya, rabinsu iyayen ɗalibaina. Na watsa ƙullayen a gaban tsohuwar.

"Inna, me na tare miki? Na kai bai ishe ki ba, sai da kika bi na hammata? Jama'a, ku dubi abin da ta yi mini!"

Na ɗaga hannu sama, na yaye hannun rigar da kaina. Abin da na yi shekara da shekaru ina ɓoyewa, ga shi a rana tsaka, mata sun fi a ƙirga. Kiɗa ya tsaya.

Inna Delu ta juyo gare ni.

"Sauke hannunki, ƴar nan," in ji ta. "In kin yi tsifa sai ki watsar da gashinki a juji kamar marar gata. Tsuntsu ya ɗauka ya yi sheƙa, ciwon kai ya kama ki, in ce wa uwarki me? Yadda na yi wa ƴaƴana na yi miki. Na hammata kuwa, Allah ne shaida, ban san hanyarsa ba."

Wata daga gefe ta ce, "Madam, ai bangon kowa haka yake." Wata kuma ta tafa hannu: "Wayyo! Ashe ciwo ne. Mu da muke cewa girman kai ya hana ki ɗaga mana hannu a hanya!"

Da ƙasa za ta tsage da na shige, ko da yake a lokacin na tsorata da tsaga.

Da yamma na buga wa likitar waya. Sai da ta gama dariyarta ta ce zubewar gashin ita ce alamar aiki ya ci, kuma ta faɗa mini tun ina kwance. Kafin Litinin duk garin ya sani. Ba wadda ta guje ni. Sai ma ƙunshin magani da ya yi ta shigowa, kowace da na kakarta.

Na je na durƙusa gaban Inna ina kuka. Ta ce ba komai, ta yafe. Tuwona bai fasa zuwa ba, gaisuwa ma haka. Amma tun daga ranar, in na yi tsifa, inda gashin ya faɗi nan zan same shi. Tana share gidan kaf ta kewaye shi. Wannan ya fi marurun yi mini ciwo.

Yanzu da kaina nake tsincewa in cusa a bango. Abin da na koya shi ne, in likita na magana, a yi salatin a zuci a bar kunne a buɗe. In kuma kin ga wani yana adana abin da kika zubar, tambaye shi a ɗaki tukuna, hannunki a ƙasa.