Bunsurun da Ya Sauya Kanti da Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na ɗaura igiyar bunsuru a bel ɗin wandona. Na san kuna tambaya ko ina da hankali. Ina da shi, a gida na baro shi ranar.

Abin ya faro ne daga bakina. Tun da muka dawo garin Greenbelt na jihar Maryland daga Kano nake gaya wa Nafisa, 'yar abokin Baba kuma 'yar ajinmu, cewa ni jikan makiyaya ne, wai da fito ɗaya nake juya garke. (Gaskiyar magana, a saman bene na tashi, kuma ban san dabba ba sai a cikin miya.) Ita kuwa ta laƙaba mini Sarkin Garke, ni kuma ina amsawa da ƙirji a buɗe.

Ranar nan Baba ya ɗebe mu, ni da ita da mahaifinta, muka wuce Gaithersburg can cikin ƙauye don sayo takin tumatirin da yake shukawa a bokiti. Wasu manyan kantunan kayan noma ne guda biyu, masu rassa ko'ina a ƙasar, suna kallon juna, ɗan siririn titi ne kawai tsakaninsu. Ɗaya jan rufi, ɗaya kore. Gabarsu ta fi ta 'yan ƙwallo. In mai ja ya rage farashin abincin kaji, kafin azahar mai kore ya rage nasa. Mai kore ya fara raba gugguru kyauta, mai ja ya buɗe wurin yi wa karnuka wanka. Duk don manomi ɗaya mai tsohuwar akori-kura ake wannan rawar kai.

A wannan Asabar mai ja ya shirya ranar dabbobi a filin ajiye motoci. Mai kore, don haushi, ya jibge damman ciyawa a bakin ƙofarsa, ya farke buhunan dusa wai a zo a gani da ido.

Wata dattijuwar Baturiya mai bunsuru ta nemi wanda zai riƙe mata shi ta shiga ciki. Nafisa ta nuna ni.

"Ga gwani nan! Sarkin Garke, bismilla."

Baba ya dube ni ta saman tabarau. "Kai? Kai da kyanwar maƙwabta ke kora?"

"Haba Baba, a jini yake," na ce.

Na karɓi igiya. Bunsurun nan, wallahi, ya kai firij. Amma ina son hoto, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya a kan ƙahonsa, don haka na ƙulle igiyar a bel. Nafisa ta ɗaga waya. A daidai lokacin iska ta kwaso ƙamshin dusar mai kore.

Bunsuru ya ɗaga hanci. Ya yanke shawara.

Jama'a, ban san ina da gudu haka ba. Muka ratsa tsakanin motoci, muka ture kejin zomaye, muka tsallaka titi. Na yi fiton nan nawa mai juya garke, abin da ya fito kuwa "Wayyo Baba!" ne. Ina jiyo mahaifin Nafisa yana ihu, "Alhaji, ɗanka zai koma Kano a ƙasa!"

A bakin ƙofar mai kore bel da maɓallin wando suka ce sun gaji. Bunsuru ya tsunduma kai cikin buhu, ni kuma na tsaya a gaban layin masu karɓar gugguru, wando a idon sawu, sai gajeren ciki mai zanen ayaba wanda Umma ta sayo.

Manajan mai kore ya fito yana tafi. Bai ko tambayi lafiyata ba, sai ya juya ga mutane ya ce, "Kun gani? Har dabbobinsu wurinmu suke zuwa!" Na mai ja ya tsallako yana huci, suka hau musu a kaina kan wanda ya fi dusa mai kyau, ni ina tsakiya ina jan wando.

Darasin da na koya: in za ka yi ƙarya, zaɓi dabbar da babu ita a Maryland. Da raƙumi na ce, da har yau ina da mutunci.

Baba ya sayi takinsa a wurin mai kore, don ya ce ba zai iya sake haɗa ido da masu ja ba. Nafisa ba ta tura bidiyon ga kowa ba sai ƙanwata, ƙanwata kuma ta tura wa dangi duka. Yanzu har kakata a Kano Mai Ayaba take kirana.