Gwaggo Ta Naɗe Fikafikanta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Kyaftin, matuƙin jirgin sama, yake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki, da duk wanda ya taɓa ɗaura bel a cikinta, rasuwar Gwaggo, tsohon jirgin fasinja mai inji biyu, wadda ta cika a rumfar gyara ta kamfani bayan doguwar jinya. Jirgi dai namiji ne a bakin kowa, amma ita tun zuwanta ba wanda ya taɓa ce mata "shi".

Ita ce ta ƙarshe a danginta da ke tashi a kamfanin, kuma sunan danginta kaɗai ne a rubuce a lasin Kyaftin. Ga wanda bai san aikin ba, matuƙin jirgi ba direban tasi ba ne da zai sauka daga wannan mota ya hau waccan. Kowane irin jirgi da kwas ɗinsa da jarrabawarsa da hatiminsa. Saboda haka ranar da Gwaggo ta kwanta, ranar Kyaftin ya sauko ƙasa shi ma, lafiyarsa ƙalau, idonsa garau, amma ba abin da zai tuƙa.

Marigayiya ta yi rayuwar mutunci. Ba ta da allunan talabijin a gaban matuƙi irin na jiragen yanzu, sai agogo-agogo masu allura, kowanne da aikinsa, kuma ba a taɓa kama ɗayansu da ƙarya ba. Sitiyarinta yana da nauyi. In iska ta taso daga gefe, a damtse Kyaftin yake jin labarin tun kafin allura ta motsa. Tana da ƙishirwa, wannan ba a ɓoye ba, mai kuwa sha take kamar ba gobe. Tana da ɗan karkata hagu wajen sauka, wanda baƙon matuƙi kan ɗauka ciwo ne, alhali hali ne. In ana ruwa, tagar gefen Kyaftin takan ɗiga masa a gwiwar hagu, ɗis, ɗis, shi ya sa kullum da ƙaramin tawul a jakarsa. Ya kai ƙararta wajen makanikai har ya gaji, daga baya suka zauna da juna a haka, kamar yadda ake zama da kowa.

Waɗanda suka san ta ba za su manta muryarta ba. Da safe in an tashe ta takan fara da tari, ta ce "tuf, tuf", sannan ta ja dogon "wiiiii" har sai gilasan tasha sun amsa. In ta bar ƙasa takan naɗe ƙafafunta da "gurrr, dum", ƙarar da take sa sabon fasinja salati, shi kuwa Kyaftin sai ya ji ta hankalinsa yake kwanciya.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga nesa, a masana'antar da ta haife ta. Masu ƙera jirage suka daina yin irinta, sannan suka daina yin kayan gyaranta, suka koma ƙera masu tsimin mai da kwamfuta ke yi wa rabin tunani. Yayyenta suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya, ana cire musu kaya ana dasa mata. Da famfon wannan da birkin waccan ta yi shekarunta na ƙarshe, har aka wayi gari ba sauran 'yar'uwar da za a cira. A babban binciken ƙarshe aka ɗaga dabenta aka tarar tsatsa ta ci ta cinye. Babban makanike, wanda ake kira Mai Sifana, ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu, ya kasa haɗa ido da Kyaftin. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, ana iya gyara ta. Sai dai na sama ba za su sa hannu ba." Na sama kuwa ba su sa ba. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a ofishin akanta ba.

Ta rasu ta bar mataimakin matuƙi, wanda ya yi shekaru a kujerar dama. Shi an tura shi kwas ɗin sabon jirgi, bisa sharaɗin za a riƙa yankar kuɗin a albashinsa har sai ya yi furfura. Ya karɓa don ba yadda zai yi, ga kuma labari yana yawo cewa masu ƙira suna tunanin jirgin da matuƙi ɗaya zai wadatar. Yana ganin gemun maigidansa ya kama da wuta, amma ko ruwan shafa wa nasa ba shi da shi. Ta bar Anti, shugabar masu hidimar fasinja, wadda ita kaɗai ta san inda ake dukan ƙofar kicin ta buɗe. Ta bar mai tsara jadawali, wanda ya shekara yana sauya wa Kyaftin ranakun hutu ta waya ba sallama ba ban haƙuri, yanzu kuma yake sunkuyar da kai in sun haɗu, don ba shi da gurbin da zai sa sunansa.

Ta bar uwargidan Kyaftin. Ba za a yi wa mamaciya ƙarya ba, ba su taɓa shiri ba. Gwaggo ce ta ɗauke mata miji ranar da ta haifi 'yarsu ta fari, ita ce ta kwana da shi a wani gari ranar da yarinyar ta gama makaranta. Shekara da shekaru uwargida tana addu'ar ranar da zai zauna a gida. To, ga shi ya zauna. Albashin matuƙi yawancinsa na awoyin sama ne, na ƙasa ɗan guntu ne, wannan ma ta iya haƙuri da shi. Abin da ta kasa jurewa shi ne ganinsa a falo da hantsi, ya yi wanka ya yi aski, wayarsa a kan gwiwa ko za a kira, da ya ji ƙugin jirgi sai ya miƙe ya nufi taga. Rannan ta ce masa, "Maigida, don Allah ka dawo ka zauna. Ba ita ba ce." Ya ce ya sani, tun daga muryar ya sani. Amma bai bar tagar ba.

A ƙarshe ta bar Kyaftin. Ya yi abin da zai iya. Ya sa kayan aikinsa ya hau bene wajen manajan matuƙa, wanda Kyaftin da kansa ya koya wa sauka cikin ruwan sama a kujerar dama ta Gwaggo. Manaja ya miƙe tsaye ya ba shi kujera, ya sa aka kawo shayi, sannan ya ce, "Wallahi Kyaftin, abin ba a hannuna yake ba. Sababbin jiragen da muka yi oda har yanzu suna layi a masana'anta, biyu kacal suka iso, matuƙa kuwa ga su nan jingim. Kwas ɗin da tsada, kamfani kuma shekarun da suka rage wa mutum kafin ritaya yake dubawa." Na Kyaftin ba su da yawa. Dama tun kafin nan ya nemi ƙungiyar matuƙa, ƙungiya ta yi zama, ta nuna alhini, ta ɗage zama. Ya shanye shayinsa ya yi godiya, ya sauko a hankali yana riƙe da ƙarfen bene. Bai yi fushi da kowa ba, kuma wannan ya fi komai ci masa rai, don ya rasa wanda zai kama.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Hukuma ta ba da izinin tashi ɗaya tak, ba fasinja ba kaya, zuwa makabartar jirage da ke can wata busasshiyar ƙasa inda tsatsa ba ta sauri. A can za a raba gado: injuna ga mai saye, kujeru ga mai so, gangar jiki ga masu narka ƙarfe. Kyaftin ya roƙi a bar masa sitiyari, an ce yana cikin kayan kamfani.

Da aka duba wanda zai kai ta, sai aka ga a duk kamfanin ba kyaftin ɗin da doka ta yarda ya tuƙa ta sai shi. An ara masa mataimakinsa na yini guda. Shi zai tashe ta, shi zai sauke ta, shi zai kashe injunanta da hannunsa. Masu son yin ban kwana su tsaya a bakin shingen filin jirgi ranar Talata da safe. Ba za a yi zaman makoki ba, don wanda za a yi wa gaisuwar ya ce ba zai iya amsawa ba.

Kamfani ya saya masa tikitin dawowa a jirgin wasu. Ana roƙon masu zuwa tarbarsa kada su tsaya a ƙofar ma'aikata inda suka saba jiransa. Ta ƙofar fasinja zai fito, cikin kayan gida, hular aikinsa a cikin jaka.