Ranar da Na Tarwatsa Kasuwa da Babura

Ba zan taɓa mantawa da daminar da kamfaninmu na irin shuka ya ɗora ni a kan reshen Batsari da Safana ba. Shekarun nan ne da 'yan bindiga suka hana mutane sakat, ga tsadar taki. Manyanmu a Kano suka fito da sabon tsari: maimakon manomi ya zo shago, mu za mu kai masa iri har kasuwar ƙauyensu. Manaja ya gaya mini ƙarara, in reshen bai motsa ba a wannan daminar za a rufe shi, ni da ma'aikatana mu koma gida.

Ni kuwa na ɗauki abin da zafi (ko ruwan wanka zan nema wajen matata sai na ce "bisa tsari"). An ce a shiga kasuwa a jere, yadda kowa zai gani. Na tara ma'aikatana, mutum biyu-biyu a kan babur, kowa da hular kwano mai rufe fuska, ga buhuna ɗaure a baya. Muka nufi wata kasuwa kusa da Babban Duhu, ni a gaba ina hura hanci.

Haifaffen Batsari ne ni fa, amma ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba cewa a lokacin mutane iri ɗaya ne ke shigowa gari da ayarin babura, fuska a rufe. Kafin mu kashe injin, kasuwa ta watse. Mai ƙosai ta bar kasko a wuta, mahauci ya tsallake teburinsa. Aka bar ni tsaye da lasifika ina yi wa rumfuna sallama.

Can sai ga surukina, malamin Islamiyyar da ban taɓa ganin ya yi sauri ba, ya fito daga bayan buhunan gyaɗa, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Na cire kwano na durƙusa. Ya dube ni ya ce, "Ashe kai ne. Ina iyalin?"

Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Amma ban gudu ba. Da mutane suka dawo na bi rumfa-rumfa ina ba da haƙuri. Washegari na gyara tsarin da kaina: babur ɗaya, fuska a buɗe, a fara gaida mai gari, liman ya sanar bayan sallah. Irinmu ya ƙare tas tun ba a gama shuka ba, ba a rufe reshen ba, har Kano ta ce sauran rassa su yi koyi da mu. Ina alfahari da wannan, ba na ɓoyewa.

Na dai koyi cewa duk tsarin da aka rubuta a ofis, sai ka tambayi kanka da me zai yi kama in an hango shi daga nesa. Har yau in zan je gaida surukina, a bakin gari nake ajiye babur in ƙarasa da ƙafa.