Filibus Ya Raka Inna Urushalima

A ƙauyen Gidan Ɗanbaki, can bayan Malumfashi, akwai wata tsohuwa da ake kira Inna Briskila. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata 'ya'ya uku. Babban shi ne Ayuba, malamin makaranta mai yawan bayani. Autar ita ce Tabita, ma'aikaciyar jinya a Kaduna. Na tsakiya kuwa Filibus, ƙato ne ɗan shekara arba'in, yana ɗaukar buhun masara kamar matashin kai. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai yadda magana ta fito daga bakinka haka take shiga kansa, ba ta lanƙwasa. In ka ce ya sa ido a kan tukunya, to ka shirya kai shi asibiti.

Tun tana yarinya Inna take rera sunayen Baitalami da Galili a waƙoƙin coci, ba ta taɓa zaton ƙafarta za ta taka su ba. Sai ga shi Tabita ta shirya musu tafiya, su huɗu, cikin ayarin masu ziyara.

Wata rana, ranar tashi ke nan, Tabita ta damƙa wa Filibus fasfonsa ta ce, "Yaya, ka riƙe shi da kyau. Ko wa ya ce ka ba shi, kada ka saki." Da suka isa filin jirgi, jami'i ya miƙo hannu. Filibus ya miƙa, amma bai saki ba. Jami'i ya ja, Filibus ya ja. Layi ya tsaya cak har bakin ƙofa.

"Malam, sakar mini mana!"

"Ranka ya daɗe, ƙanwata ta hana."

Kafin Tabita ta kutso daga baya, jami'in ya gaji da dariya, ya buga hatimi a shafi ɗaya Filibus na riƙe da ɗayan.

Wata rana aka kai su wani kufai na Romawa, birnin da girgizar ƙasa ta kayar fiye da shekara dubu da suka wuce. Filibus ya san kango, amma irin na laka da damina uku ke cinyewa. Nan kuwa ginshiƙan dutse ne, wasu a tsaye sun fi rimi tsawo, wasu a kwance jere kamar an yanka rake. Titi shimfiɗe da dutse, har yanzu ga gurbin da ƙafafun keken doki suka ci. Ya cire hularsa ba tare da kowa ya ce ya cire ba. Inna ta dafa wani ginshiƙi da ya faɗi, ta ce, "Allah Sarki. Da ma a sami mai tayar da garin nan."

Can sai aka ji usur. Filibus ya naɗe hannun riga, ya riga ya ɗora duwatsu uku a kan juna, yana kokawa da na huɗu. Masu gadi biyu suka sheƙo a guje. Ja-goransu, wani Balarabe mai furfura, ya yi ta ba da haƙuri, Ayuba yana ta share gumi.

"Inna ce ta ce a tayar," in ji Filibus. "Amma gaskiya aikin gayya ne, ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

Wata rana suka je Baitalami, cocin da aka gina a wurin da aka haifi Yesu. Ƙofar ƙarama ce, ko yaro sai ya duƙa. Ayuba, wanda shi ne tafintan ayarin, ya ɗaga murya ya ce, "A nan, sarki da talaka duk sai sun sunkuyar da kai." Filibus ya sunkuya ya shiga. Da yake ba wanda ya ce a ɗago, bai ɗago ba. Haka ya yi ta tafiya a duƙe kamar mai shuka, har ya tunkuyi cikin wani limamin coci mai doguwar baƙar riga. Bai ga fitilun da ke rataye ba, bai ga zanen bango ba. Amma ya ga wani tsohon daɓe ta wata kafa a ƙasa, an jera shi da 'yan duwatsu masu launi, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Ya daɗe a kansa yana tunanin mutumin da ya durƙusa ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Sai a cikin mota Tabita ta lura, ta ce, "Yaya, miƙe haka nan!" Bayansa ya yi ƙara kamar an karya kara.

Wata rana suka shiga jirgin ruwa a Tekun Galili. Da suka kai tsakiya aka kashe inji. Shiru ya sauka, ruwan ya kwanta lumui, duwatsu kewaye da su. Matan ayarin suka soma waƙa a hankali, Inna na hawaye. Ayuba ya ce, "A kan ruwan nan Yesu ya yi tafiya da ƙafa. Mu kuma an kira mu mu bi sawunsa."

Filibus ya tuɓe takalmansa, ya ajiye su a gefe, ya ƙetara ƙarfen jirgi. Ji kake tsundum! Matuƙin da wasu maza uku suka jawo shi da igiya, yana tari yana fitar da ruwa ta hanci.

"Me ya kai ka?" in ji Ayuba.

"Yaya, na duba sosai. Ruwa ya shafe sawun."

Wata rana, ita ce ta ƙarshe, motarsu ta tsaya a wajen ganuwar Urushalima. Daga nan sai da ƙafa, ta lunguna masu matakala, har zuwa cocin da kabarin Yesu yake. Inna ta ɗaura zanenta na zumuntar matan coci tun da safe, amma kwana shida na yawo sun kumbura mata ƙafafu, ko takalmi ya ƙi shiga. Tabita ta duba, ta girgiza kai. Ja-gora ya ce keken guragu ba zai yi sauri a matakalan ba, ga lokaci ya ƙure.

"Ku je," in ji Inna, tana kallon taga don kada su ga idonta. "Na ga ganuwar, ya ishe ni. Ku gano mini."

Mutane suka soma sauka. Direba ya faɗi wata magana, Ayuba ya fassara da sanyin murya: "Ya ce kada kowa ya bar abu mai daraja a cikin mota."

Filibus ya dubi jakarsa. Ya dubi hularsa. Sai ya taka zuwa kujerar Inna, ya juya mata baya, ya durƙusa.

"Kai, Filibus, mene ne haka?"

"Direba ya hana a bar ki."

Kafin ta ƙara magana ya saɓa ta a baya. Ayuba ya buɗe baki zai gyara masa fassarar, sai ya rufe. Tabita ta kwance gyalenta ta ɗaure su tam, yadda ake goyon jariri.

Haka suka ratsa lungunan, ta gaban masu sayar da turare da burodi. 'Yan kasuwa suka riƙa janye kayansu suna ba da hanya. Wata Baturiya ta dafa ƙirji. Filibus bai ga ko ɗaya ba, matakala kawai yake kallo, yana jin numfashin Inna a wuyansa, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa. A cikin cocin, layin masu shiga kabarin ya zagaye ginin, mutane daga kowace ƙasa. Da suka ga ƙato goye da tsohuwa, sai layin ya dare da kansa.

Ya sauke ta a bakin ƙofar, ya riƙe ta suka duƙa suka shiga. Ɗan ɗaki ne, kyandirori na ci, ga shimfiɗaɗɗen dutse da hannayen mutane suka goge har yana sheƙi. Inna ta ɗora tafinta a kai. Filibus ya duba dama, ya duba hagu, ya leƙa har bayan kyandirorin. Hankalinsa ya tashi. Duk wannan tafiyar, duk waɗannan matakalan!

Ya matso kunnenta ya raɗa, "Inna, mun makara. Ba ya nan."

Inna ta kamo kansa da hannu biyu, tana dariya hawaye na zuba.

"Abin da na zo gani ke nan, ɗana. Ya tashi daga matattu."