Zariyar da Na Saƙa da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a ƙofar gidan Malam Bukar ba, ko da kuwa tsufa zai kai ni in manta sunan unguwarmu. Har yau in na tuna ina kan keke, sai in ji ƙafata ta kuɓuce daga feda.

Ni malamin firamare ne a Haɗejiya. Da babur nake zuwa aiki kamar kowa, har lokacin da man fetur ya fi ƙarfin irinmu. Na jingine babur a zaure, na lulluɓe shi da buhu, na je na sayo keke na hannu. To amma ni ba na cikin waɗanda ke yarda talauci ya kayar da su a bainar jama'a. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce masa lafiya nake nema. Na zama mai wa'azin keke a ofishin malamai, ina bayani kan hawan jini da tumbi da yadda Turawa masu kuɗi ke ajiye mota su hau keke. (Waɗanda suka fi yi mini dariya a lokacin, yanzu da ƙafa suke zuwa aiki. Su ma wai likita ne ya sa su.) Kullum da safe in cusa ƙafar wando cikin safa, in ɗaure jakata a kariyar bayan keke, in bi ta gefen masu kifi ina kaɗa ƙararrawa, ina faɗa da 'yan kurkura da awaki. Mai facin bakin hanya kuwa ya san ni fiye da yadda hedimasta ya san ni.

Wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne abin da ke ƙasan jakar, a ƙarƙashin littattafan yara. Kwarashi ne da ƙwallon zaren ulu, wani lokaci har da mazari.

A hannun kakata na tashi, ita kuwa makaɗiya ce ta gaske. Tun ina gurza mata auduga ina miƙo mata alli, har hannuna ya iya murza mazari ba tare da kowa ya ce ga yadda ake yi ba. Saƙar kwarashi kuma daga baya na koye ta a waya. Wallahi ina son abin nan. In na taso daga makaranta kaina ya yi zafi, sai in karkata keke can bakin kogi inda babu wanda ya san ni, in zauna a inuwa in saƙa hular jariri ko safa har zuciyata ta yi sanyi. Sai dai kun san garinmu. Namiji ya zauna a ƙofar gida yana ɗinkin hula, sana'a ce. Ya baje taru yana saƙawa, jarumi ne. Amma ranar da aka gan shi da mazari yana kaɗi kamar tsohuwa, to ya gama aure a unguwar. Saboda haka duk hular da na kai barka sai in ce wata gwaggona ce ta saƙa. Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, shi ma kama ni ya yi.

Ana haka Allah ya haɗa ni da Zulai. Mun daidaita, saura mahaifinta, Malam Bukar, manomin shinkafa a wani ƙauye kan hanyar Auyo, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo. Ya aiko cewa kafin manya su shiga maganar, yana so in je ya gan ni da idonsa. Zulai ta gargaɗe ni cewa akwai wani dillalin shinkafa mai mota da ke ta kai gaisuwa, kuma baffanninta sun fi karkata can. "Baba ba ruwansa da mota," in ji ta, "amma ya tsani mutum marar kamala. Don Allah ka zo a kintse." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, kamala ai gado na yi.

Na ɗinka sabuwar shadda, doguwar riga da wando irin mai faɗin ƙugun nan da babu abin da ke riƙe shi sai Allah sai zariya. Tela ya yi ta ja mini rai har safiyar ranar. Da na buɗe leda, wando ba zariya. Mai hankali da sai ya zare ta tsohon wando ya zura. Ni kuwa sai na ce ina! Ranar da ta fi kowace rana a rayuwata, in ɗaura tsumman yadi a ƙuguna, alhali ga farin zaren da na kaɗa da hannuna a ajiye? Na zauna na riɓa zaren, na ja kwarashi, na saƙa zariya mai kyau kamar a rataye ta a bango. Ina kan ƙarasawa Kawu Sale ya iso yana danna hon. Duk mai saƙa ya san in ka kai ƙarshe sai ka ƙulle bakin, in ba haka ba jan zare ɗaya ya isa ya warware aikin gaba ɗaya. Ni ban ƙulle ba. Na zare kwarashi, na finciko zaren da tsawonsa, na zura zariya da murfin biro, na yi ɗaurin zarge, na fito.

"Hau mu tafi," in ji Kawu, yana nuna mini bayan babur ɗinsa.

"Kawu, ai ni da keke zan je. Gara su gan ni yadda nake."

"Za su gan ka kuwa," ya ce. Ya ja babur ya yi gaba, wai zai jira ni a can.

Tafiya ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. An fara yankan shinkafa, fadama ta cika da mutane, iska na kaɗa mini riga. Ashe wutsiyar zaren nan ta sulalo ta ƙarƙashin riga ta kama ƙarfen feda. Duk juyin da na yi, keke na naɗe zare, zariya na warwarewa. Can wajen wata gada na ji ɗan fizga a cibiyata, sai kuma na ji cikina ya sami sarari. Kun san abin da na ce a raina? Na ce alhamdu lillahi, yau dai keke ya fara cin tumbin nan. Har na ƙudurta gobe zan ba da shaida a ofishin malamai.

Na iske su a gindin maina a ƙofar gida, kan tabarmi. Malam Bukar a tsakiya, ƙannensa a gefe, Kawu Sale ya riga ya baje yana ba su labarin kirkina. Ina sauke ƙafa daga keke na ji wando ya kama hanyar ƙasa. Allah ya taimake ni na zura hannu ta aljihun riga na cafke shi a cinya. Na jingine keken a jikin bishiyar, na tako a hankali kamar mai ciwon baya, na zube na durƙusa. A durƙushe ai babu matsala. Har na saki na miƙa hannu biyu na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi mutanen gida da aiki da hanya, ina amsawa kaina a ƙasa. Na ji wani baffan yana cewa, "Yaron akwai ladabi, ko tabarma ya ƙi hawa." Ni kuwa lissafi nake yi: zan zauna a haka har kowa ya watse, ko da za a kai magariba.

Sai ladan ya kira la'asar.

Kowa ya miƙe. Na sake zura hannu a aljihu, na damƙe ƙugun wando, na miƙe ina murmushin da bai kai ciki ba. Da a nan abin ya tsaya, da na tsira. Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ƙaramin baffan Zulai, wai shi mai karamci, ya ce bari ya shigar mini da keke zaure kada awaki su kayar da shi. Ya kama ya fara turawa. Sai ga farin zare ya miƙe tsai daga fedar keke har ƙarƙashin rigata, kamar an ɗaure ɗan akuya a turke. Ya ƙara taku, na bi shi taku. Ya tsaya, na tsaya. Ya sake ja, sai guntun abin da ya rage na zariyar ya fito ta ƙasan riga yana tsalle a ƙasa, ya ƙarasa warwarewa a gaban kowa.

Allah ya saka wa Kawu Sale da alheri, nan take ya shiga tsakani. "Kai, telolin zamani! Kun ga irin zariyar da suke sa wa mutane? Malam, a yi haƙuri, a ba shi wata igiya ya ɗaura." Har an fara cewa ayya, ai tsautsayi ne, Allah ya kyauta. Asirina ya kusa rufuwa. Sai babban baffan, wanda dama mai mota yake goya wa baya, ya sunkuya ya ɗauki zaren ya murza a yatsa.

"Wannan ba na tela ba ne. Kaɗin hannu ne. Yanzu har akwai masu yin wannan?"

"Wata tsohuwa ce a unguwarmu," in ji Kawu, bai ko ƙifta ido ba. "Tausayinta yake ji yana saye."

"To a gaya mata ta huta haka nan," in ji baffan. "Ido ya tafi. Dubi nan kauri, nan siriri. Ruɓaɓɓen zare, dole ya tsinke."

Jama'a, ku faɗa mini, me ya rage mini a nan in ba shiru ba? An ba ni tsohuwa kyauta, an ɗora mata laifi, ita ba ta ma san ana yi ba tunda babu ita a duniya. Kawu yana ta harara ta yana taka mini ƙafa. Amma wani abu ya taso mini daga ciki ya toshe mini kunne. Ruɓaɓɓe? Zaren da na zaɓi audugarsa da kaina, na shiɓe ta, na kaɗa shi sumul kamar na inji? Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, a gafarce ni, zaren nan bai tsinke ba. Ku duba, tun daga gada keke ke jansa bai tsinke ba. Warwarewa ya yi don ban ƙulle bakin saƙar ba. Kuma ba kauri da siriri ba ne, riɓi biyu ne. Ni na kaɗa shi."

"Kai ka kaɗa?" Malam Bukar ne, karo na farko da ya yi mini magana bayan gaisuwa.

"Ni ne, Baba. Ai in za a yi irin wannan, sai ka ɗaga audugar sama haka, ka murza mazarin da wannan hannun haka..."

Kaɗi dai hannu biyu yake ci. Na ɗaga hagu sama, na zaro dama daga aljihu na murza iska. Wando ya tafi salin alin ya kwanta a kan takalmana.

Rigar ta rufe abin da ya wajaba a rufe, wannan kam na gode wa tela. Amma ga ni nan tsaye a gaban surukan da nake nema, hannu ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ƙwauri a waje, sabuwar shadda a cikin ƙasa. Daga cikin zaure na ji mata sun kwashe da dariya har da guɗa, ashe duk suna leƙe. Baffan nan ya yi dariya har ya zauna. Kawu Sale ya juya baya yana salati. Na so ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Malam Bukar kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce a kawo mini igiyar ɗaurin buhu, lokacin salla na wucewa. Da igiyar buhun shinkafa a ƙuguna na bi su jam'i, kuma ban san abin da liman ya karanta ba, ban san abin da na karanta ba.

Komawa gida tura keken na yi, don zare ya cushe feda. Da za mu rabu Kawu ya ce, "Na yi maka ƙarya har da tsohuwa, ka tashi ka kashe ta a gabana." Kwanakin da suka biyo baya ko wayar Zulai ban iya ɗauka ba. Na riga na sallama, na ce mai mota Allah ya sanya alheri.

Ran nan ina dawowa daga makaranta na tarar da Kawu a ƙofar gida yana jira na.

"Malam Bukar ya aiko. Ya ce a turo manya."

Na ce Kawu ya daina yi mini ba'a, raina a ɓace yake.

"Wallahi. Ƙannensa sun yi ta surutu, ya ce shi ya gama magana. Wai mutumin da wandonsa ke hannunsa, aka miƙo masa ƙaryar da za ta fisshe shi ya ƙi karɓa, ba zai ci amanar 'yarsa ba. Wai irin wannan gaskiyar ta yi wuya a zamanin nan."

Na buɗe baki zan ce ai ba gaskiya ce ta sa ni magana ba, zagin zarena ne ban iya haɗiyewa ba. Har kalmar farko ta zo kan harshe. Sai na tuna abin da gyaran zance ya ja mini a gindin maina. Na rufe bakina ruf, na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, na ce, "Allah ya sa mu dace, Kawu."

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi: in mutane suka yi kuskure a kanka, kuskuren kuma ya zo maka daidai, ba kai aka aiko ka gyara ba. Ka riƙe wandonka, ka riƙe bakinka.