Rasuwar Kwamfutar Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni mai ƙwai ta bakin kwana nake sanar da rasuwar Tsohuwa, kwamfutar marigayi ɗana Auta. Ranar Talata ina cikin jera ƙwai a kiret mai gyara ya kawo mini ita a buhu, ya cire hula, ya ce sai haƙuri.

Marigayiyar ba ta da hayaniya. Idan aka danna mata, sai ta yi ƙit, ƙit, fankarta ta ja fuuu, sannan ta rubuta "Sannu da aiki, Inna." Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan layin na san shi kamar tafin hannuna.

Auta ne ya rubuta abin da ke tashe ta, da hannunsa. Ya taɓa ce mini ƙwaƙwalwarta kamar kiret ɗina take: kowane kaya sai ya fara daga bakin sabon kiret, ko da na baya bai cika ba. Akwai wani ɗan rubutu da ke nuna wa kowa mazauninsa, a ciki ya bar gurabe fayau da gangan. Ni da ba na barin gurbin ƙwai ɗaya a banza na ce wannan ɓarna ce. Ya yi dariya har da tari.

Ciwon ajalinta gajere ne. Surukina, da kyakkyawar niyya, ya ga guraben ya toshe su don ta ƙara sauri, ya ɗora nasa rubutun a kan na Auta har na Auta ya goge. Kaya suka goce daga mazauninsu. Ta yi ƙit sau ɗaya, fuskarta ta yi baƙi. Na yafe masa, shi ma ya daina cin abinci kwana biyu.

Ta rasu ta bar allon rubutu mai gogaggun haruffa, da linzami mai ɗingishi, da kujerar Auta, da ni.

Za a yi mata sutura da zanen gadon Auta bayan la'asar, a kai ta makwancinta a saman kabad. Ba wanka, ba ta son ruwa. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu. Mai zuwa gaisuwa ya zo da tabarmarsa, kujerar nan ba ta zama ba ce. Kullum da safe ina goge ta, in mayar da ita daidai inda take.