Sarkin Ludayi Na Neman Hatimi

Duk garin Jeonju na ƙasar Koriya babu mai dafa miyar ƙashin shanu kamar Maigida Pyo Man-sik. Maganar nan tabbatacciya ce, don daga bakinsa muka ji ta. Hularsa ta girki ta fi ta kowa tsawo, sai ya sunkuya kafin ya shiga kicin, kuma nan kaɗai ake ganin ya sunkuya. A unguwa Sarkin Ludayi ake ce masa. Ya ɗauka naɗi ne.

Da wani gidan abinci a New Zealand ya neme shi aikin shekara biyu, tun ba a cika ko layi ɗaya na takardun tafiya ba sai ga ƙyallen taya murna an ɗaure a tsallaken titi: "Ɗanmu zai ciyar da duniya. Daga maƙwabta." Mu maƙwabtan a jikin ƙyallen muka fara jin labari.

Da yake a waje na yi karatu, ni ya ɗora wa cika takardun bizar ƙwararrun ma'aikata. Ina rubutu, yana kai-komo da hannu a baya.

"Wace makarantar girki ka yi?"

"Rubuta musu wuta ce ta koyar da ni. Irina ba a koya mana, haifar mu ake yi."

A shafi na tara aka nemi wasiƙa mai hatimi daga wanda ya yi wa aiki aƙalla shekara biyar. Shagonsa shekararsa uku. In Juma'a ta wuce ba a aika ba, wani kuku daga Busan za a ba wa gurbin, ga ƙyalle kuma kowa ya karanta.

Ya yi gyaran murya. "Akwai wata tsohuwa a kasuwa da na taɓa ba wa shawara."

Shawarar ta ɗauki shekara goma sha ɗaya, yawancinta a gaban kwanon wanke-wanke.

Ranar Laraba muka je rumfar tsohuwar, Iya Gye-sun, da kwalin tuffa. Ya miƙa da hannu biyu, ya ɗora wasiƙar da ya tsara da kansa, wadda ta kira shi ginshiƙin rumfar kuma hasken tukwanenta. Abin da ya rage mata kawai ta tsoma hatiminta a jan tawada.

Ta sa na karanta mata. Ta saurara tana yankan albasa.

"Wane ne wannan bawan Allah? Ina ma shi na ɗauka aiki. Kai Man-sik, har yanzu kana ƙona shinkafa?"

"Iya, ana kallonmu."

"Hatimina ba ya hawa kan abin da harshena bai taɓa ba. Ga tukunya can."

Haka Sarkin Ludayi ya tuɓe kwat, ya ɗaura zanen gaba mai furanni, matan kasuwa suka jawo kujeru. Awa biyar yana kwashe kumfa yana yi musu bayanin sirrin wuta. Mai sayar da kifi ta ce ya rage jawabi ya ƙara ƙashi.

Iya ta kurɓa sau ɗaya. Ta daɗe tana kallon rufin rumfar. Sannan ta ciro hatimi daga lalitarta ta danna shi sosai a kan wasiƙar.

Maigida Pyo ya juya ga jama'a, ƙirji a gaba. "Kun gani? Gwani ne kaɗai ke gane gwani."

Iya ba ta ko dube shi ba. Ta jawo hannun rigata.

"Mutanen can ba su taɓa shan miyar ƙashi ta gaske ba, ko?"

Na ce da wuya.

"To ya je. Ka ce shekara biyu ce kawai? Duba min da kyau, ɗan nan, babu inda zan ƙara bugawa su riƙe shi biyar?"